Rayuwar Dattawan Cocin Mormon Masu Hidima a Ƙasashen Waje

Cocin Mormon, mai hedikwata a birnin Salt Lake na jihar Utah a Amurka, yana tura ma'aurata da suka yi ritaya zuwa wasu ƙasashe domin hidimar addini. Sukan shafe wata 6 zuwa 23, kuma da kuɗin aljihunsu suke ciyar da kansu. Ma'aurata irin waɗannan ne suka fara zuwa Najeriya da Ghana a 1978.

Da safe miji da mata kan yi addu'a, su karanta littattafansu masu tsarki, sannan kowa ya maƙala ɗan baƙin allo mai ɗauke da sunansa a ƙirji. Ba sa shan shayi ko kofi, balle giya da taba.

Aikin yini ya danganta da gwanintar mutum. Tsohon akawu yakan riƙe lissafin ofis, ma'aikaciyar jinya kuma ta kula da lafiyar matasa masu wa'azi. Wasu kan sa ido kan haƙa rijiyar burtsatse da rabon kekunan guragu, wasu su yi hidima a haikalin Accra ko na Aba.

Da dare sukan kira 'ya'ya da jikoki ta bidiyo, domin kewar gida ce babbar jarrabawarsu. Idan wa'adi ya cika, wasu sukan sake neman a tura su.