Ƙwayar da ta hana jarirai hannuwa da ƙafafu

A shekarar 1957 ne kamfanin Grünenthal na Jamus ta Yamma ya fito da ƙwayar talidomaid, maganin barci da masu juna biyu suka riƙa sha saboda laulayi. Kafin a janye ta a 1961, an haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasa, wasu da dungulmin hannu, wasu babu ƙafa.

Me ya jawo haka? Tsakanin kwana na 20 da na 36 da shigar ciki ne gaɓoɓin ɗan tayi ke tohowa, sabbin jijiyoyin jini na ciyar da su. A 1994 Robert D'Amato na Amurka ya gano cewa ƙwayar tana hana irin waɗannan jijiyoyi tsirowa. A 2009 masana a Birtaniya suka gwada wani danginta a ƙwan kaza: jijiyoyin suka lalace, fiffike ya kasa girma.

Har yau ana ba masu kuturta da masu sankarar ɓargo ita, bisa tsauraran sharuɗɗa.

Jama'a, abin lura shi ne, a waɗannan kwanaki mace kan kasance ba ta tabbatar tana da ciki ba. Saboda haka duk wadda ta yi ɓatan wata, ta guji ƙwayoyin 'yan talla, ta nemi shawarar likita.