Wuyan Jita da Hannun Makaɗi

Mai sayen jita yakan fara da ido da kunne: ya duba sheƙin katako, ya ƙwanƙwasa cikinta, ya kaɗa tsirkiya ya saurari amo. Hannun hagu kuwa, wanda shi ne zai sha wahalar, ba a cika neman shawararsa ba. Sai an kai ta gida an yi makonni ana koyo, tsintsiyar hannu ta fara zogi, yatsu suna cin karo da juna, sannan mutum ya jingine ta a lungu ya ce shi Allah bai ba shi baiwar kiɗa ba. Alhali sau da yawa wuyan jitar ne bai dace da hannunsa ba.

A can saman wuya, daidai inda ya haɗu da kan da ake murɗa tsirkiyoyi, akwai ɗan farin ƙashi ko roba mai tsagi shida, kowace tsirkiya da nata tsagin. Faɗin wuya a wannan gurbi shi ne awon da kamfanoni ke rubutawa a takardar kaya. A jita mai tsirkiyar ƙarfe, awo biyu ne suka fi yawa: milimita 43, wato inci 1 da 11/16, da kuma milimita 44.5, wato inci 1 da 3/4. Jita irin ta Sifaniya mai tsirkiyar nailan ta fi su duka, tana kaiwa milimita 52.

Tsakanin awon farko da na biyu bambancin bai wuce milimita 1.6 ba. In aka raba shi ga gurabe biyar da ke tsakanin tsirkiyoyi shida, kowane gurbi zai samu kamar sulusin milimita. A takarda abin dariya ne, amma kan yatsa yana jin sa sarai. Ɗauki haɗin sautin da ake kira C, wanda kowane ɗan koyo ke farawa da shi. Manuniya za ta danne tsirkiya ta biyu, ta farko da ta uku kuma dole a bar su a sake su yi ƙara. In tsokar yatsa ta ɗan shafi ta farkon, ko da kaɗan ne, sai ka ji ta yi ɗif, sautin ya mutu. Mai kaurin yatsu a kan milimita 43 haka zai yi ta fama, ya gyara nan can ta ɓaci. Ba shi mai 44.5, sai ka ga abin ya warware. Shi ya sa masu kaɗawa da yatsu, tsirkiya ɗaya-ɗaya, suka fi son mai faɗi, masu share tsirkiyoyin gaba ɗaya da 'yar roba kuma ba su cika damuwa ba.

Su kansu kamfanonin sun sha sauya ra'ayi. Martin, wanda aka kafa a Amurka a 1833, inci 1 da 3/4 yake yi wa jitocinsa masu dogon wuya a shekarun 1930, sai a 1939 ya rage zuwa 1 da 11/16. Gibson ma a tsakiyar shekarun 1960 ya matse nasa har kusan milimita 40, abin da masu sayen tsofaffin jitoci ke ƙorafi a kai har yau. Taylor, da ya zo a 1974, ya tsaya a kan 1 da 3/4 a yawancin manyan jitocinsa.

To amma faɗi rabin labari ne. Hannu ba ya auna wuya da ma'auni, rungumarsa yake yi, don haka abin da yake ji shi ne kewayen gaba ɗaya: faɗi, da kauri, da yanayin bayan. Masu ƙira suna kwatanta bayan wuya da haruffa. Mai siffar C zagayayye ne daidai wa daida, shi ya fi yawa a kasuwa. Mai siffar D bayansa a baje yake, kafaɗunsa a cike. U ya fi kauri, yana cika tafi. V kuwa yana da ɗan tudu a tsakiya daga sama har ƙasa, an fere gefunansa.

Wannan V ɗin yana da dalili. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan wuya da ƙarfin da ya kai wajen kilo 70, dare da rana. Kafin a samu sandar ƙarfe ta cikin wuya wadda ake murɗawa a daidaita shi, dole ne katakon ya yi kauri don kada ya tanƙware. Sai masassaƙa suka bar kaurin a tsakiya, suka rage gefe don hannu ya samu hanya. Gibson ya fara sa sandar da ake murɗawa tun farkon shekarun 1920, Martin kuwa bai karɓe ta ba sai 1985, kuma daga nan ne wuyan jitocinsa ya samu damar sirancewa.

Wanda zai fi maka daɗi ya danganta da inda kake ajiye babban yatsanka. In kana cikin masu leƙo da shi ta saman wuya, har su danne tsirkiya ta shida da shi, to V zai kwanta maka a kwarin da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, wuya mai faɗi sosai kuma zai gagare ka. In kuwa a tsakiyar baya kake dasa shi, kamar yadda malaman jitar Sifaniya ke koyarwa, tudun V zai dinga sukar ka, gara C ko D.

Akwai maganar da ake yawan yi cewa mai ƙaramin hannu sai siririn wuya. Ni ban yarda da ita ɗari bisa ɗari ba. Yara ƙanana suna koyo a kan jitar nailan mai faɗi ba tare da matsala ba. Kuma wuyan da ya cika sirantaka yana da tasa illar: idan ka kwantar da manuniya a kan tsirkiyoyi shida gaba ɗaya, tafin hannu ba shi da abin jingina, sai ƙaramar tsokar gindin babban yatsa ta ɗauki aikin duka, nan da nan ta gaji ta ƙage.

Kafin ma a ɗora wa wuya laifi, a duba tsayin tsirkiya. Danne ta a na uku cikin ƙarafan gicciye da aka jera a kan wuya, ka leƙa ratar da ke tsakaninta da ƙarfe na farko. Bai kamata ta wuce kaurin takarda da yawa ba. Jitoci masu araha sukan fito da tsagin ƙashin saman wuya bai zurfafa ba, sai dannawa ta zama aikin ƙarfi, kuma mai gyara zai iya magance wannan da ɗan zarto. A ƙasashenmu ga kuma hunturu. Katakon jita ya fi son damshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, iskar hunturu kuwa ba ta kusa da haka. Katako ya tsuke, ƙarfe bai tsuke ba, sai bakin ƙarafan gicciye ya fito a gefen wuya yana kartar hannu. Wannan ma ana goge shi. Abin da ba shi da magani shi ne ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka yi don nailan, wuyan zai lanƙwashe.

Tsayin tsirkiya ana gyara shi, ƙashin ma ana canza shi a ɗan buɗa tazarar tsirkiyoyin. Faɗin wuya da siffarsa kuwa yadda ka saye su haka za ka zauna da su. Don haka a shago ka nemi kujera ka zauna da jitar na minti 15 zuwa 20, ka kaɗa abin da ya fi ba ka wuya, ka kuma gwada wata mai awo daban kafin ka fara ciniki.