Yadda Masana Ke Gane Maɗaba'ar Tsohuwar Takardar Kiɗa

Turawa sun daɗe suna rubuta sautin kiɗa da alamomi bisa layuka biyar, kuma da yake yawancin tsofaffin takardun nan ba sa ɗauke da shekarar bugu, sai ma'abota tahakiki suka koma ga siffar alamomin, kamar yadda malami ke shaida hannun magabaci a tsohon littafi.

Hujja ta farko tana ga layukan. Ottaviano Petrucci, wanda ya buga littafinsa a Benis a 1501, yakan sa takarda a injin har sau uku, layuka daban, alamomi daban, kalmomi daban, shi ya sa layukansa suka miƙe sumul. Amma Pierre Attaingnant na Faris, wajen 1528, ya ƙera kowace alama haɗe da ɗan guntun layinta, ya buga sau ɗaya. Aiki ya yi araha, illa iyaka wanda ya ƙura ido zai ga layin yana yankewa a kowace mahaɗa. Aibi ma hujja ne, kuma a ganina ya fi ƙarfi, domin ƙarfen alama guda da ya tsage, in ya sake bayyana a wani littafi, ya tona maɗaba'ar da ta mallake shi.

Idan kuwa layukan ba su yanke ba, ga kuma shatar faranti ta nutse a gefen takarda, to, sassaƙa aka yi a tagulla ko gamin kuza, kuma lambar da ke ƙasan shafi ake gwadawa da kundin maɗaba'ar a kintaci shekarar.