Dogara ga Allah a Lokacin Zaɓe: Abin da Matan Littafi Mai Tsarki Suka Yi da Bangaskiyarsu

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato akwai wata magana da kan yi yawo a tsakanin Kiristocin karkarar arewacin Jihar Kaduna, tun daga Gubuchi da Gimi a ƙaramar hukumar Makarfi har ƙauyukan Ikara da Kudan, kuma an fi jin ta a bakin mata bayan an tashi daga taron zumunta. Maganar ita ce, wai tunda Allah ne mai naɗa sarki kuma shi ne mai tuɓe shi, ya riga ya gama zaɓensa tun kafin a buga takardun ƙuri'a, saboda haka aikin mace mai bangaskiya shi ne ta durƙusa a ɗakinta, ta bar wa maza da 'yan siyasa shan rana a layi. Zancen yana da daɗin ji domin ya yi kama da tsoron Allah, amma illarsa biyu ce: yana zaunar da wasu mata a gida ranar zaɓe, yana kuma ba wasu hujjar karɓar turmin atamfa da taliya da sabulu su dangwala wa wanda ya bayar, da sunan cewa ƙuri'arsu ba za ta sauya abin da Allah ya riga ya tsara ba.

Bangaskiya a koyarwar Kirista ita ce amincewa da Allah da alkawuransa tun ido bai ga cikarsu ba, dogara kuwa ita ce miƙa masa ƙarshen al'amari. Masu waccan magana sukan jingina da Romawa sura 13 da Daniyel sura 2, inda aka nuna cewa iko na Allah ne, kuma babu Kiristan da ke musun haka. Kuskuren yana wajen ɗaukar wannan gaskiya a mayar da ita izinin naɗe hannu. Abin takaicin shi ne jama'ar wannan yanki ba baƙi ba ne ga Littafi Mai Tsarki: an kafa zangon Kiristoci a Gimi tun wajen 1913, mishan ɗin CMS ya koma Wusasa a 1929, cikakken Littafin ya fito da Hausa a 1932, kuma har yau da Hausa ake karanta shi a majami'un Angilikan da ECWA da Baftis da Katolika. Labaran matan da za a ambata nan ana rera su a waƙoƙin Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan ikilisiya, sai dai da alama ana tsayawa a rabin labari.

Sarauniya Esta ce aka fi kafa hujja da ita, domin ita ce ta sa aka yi azumin kwana 3, ba ci ba sha, lokacin da Haman, babban bafade, ya sami hatimin sarki Ahasurus a kan dokar hallaka Yahudawa. Duk wanda ya karanta littafin zuwa ƙarshe zai ga cewa azumin share fage ne ga wani aiki mai haɗari. Dokar fadar Farisa ta yanke kisa a kan duk wanda ya shiga wurin sarki ba a kira shi ba, sai fa idan sarkin ya miƙa masa sandansa na zinariya, ga shi kuma Esta ta yi kwana 30 ba a neme ta ba. A rana ta uku ta yi shigar sarauta ta shiga, ba ta kuma zubar da ƙorafinta nan take ba, sai da ta shirya liyafa har sau biyu, ta karanci halin sarki, sannan ta fallasa Haman a lokacin da maganarta za ta yi nauyi. Tun da farko ma ita Estar ta so ta noƙe, Mordekai wanda ya rene ta ne ya ja kunnenta cewa zaman fada ba zai kuɓutar da ita ba idan ta yi shiru, kuma mai yiwuwa saboda irin wannan lokaci ne ta kai matsayin da ta kai. Masana Littafi sun daɗe da lura cewa ba a ambaci sunan Allah ko sau ɗaya a littafin Esta ba, hannunsa ana ganinsa ne ta cikin abin da mutane suka tashi suka yi. Macen da ta yi azumin zaɓe tare da ikilisiya, ta kwana addu'ar dare, sannan gari ya waye ta ɗaura zani ta nufi gona da katin zaɓenta a ƙarƙashin katifa, ba ta da hurumin kiran sunan Esta.

Labarin da ya fi kusa da batun zaɓe ma ba a cika wa'azi a kansa ba, wato na 'ya'yan Zelofehad mata su 5 a Littafin Ƙidaya sura 27. Mahaifinsu ya rasu bai bar ɗa namiji ba, al'adar rabon ƙasa kuwa ba ta san da mata ba, don haka suka tsaya gaban Musa da Ele'azara firist da shugabanni da taron jama'a suka nemi rabon mahaifinsu. Musa ya kai maganar gaban Ubangiji, aka tabbatar masa cewa matan suna da gaskiya, aka kuma mayar da hukuncin doka ga Isra'ila duka. Da sun zauna a alfarwa suna jiran Allah ya tuna da su, da sunan gidansu ya ɓace daga rabon. Ikilisiyoyin da ke ganin kansu 'yan tsiraru a tsakiyar dangi da maƙwabta Musulmi, har suna cewa ƙuri'unsu ba su kai a ƙirga ba, su lura da cewa mata biyar ne kawai suka sa aka gyara dokar gado, kuma kujerar kansila a mazaɓa irin ta Gubuchi ba ta buƙatar dubban ƙuri'u kafin ta juya.

Haka ita ma Debora, wadda ke zaman shari'a a gindin dabino tsakanin Rama da Betel, ta san cewa nasara ta Allah ce a kan Sisera, shugaban rundunar abokan gaba mai karusan ƙarfe 900, amma duk da haka ta aika aka kira Barak ya jagoranci yaƙin, ta kuma bi shi filin daga da ya ƙi tafiya shi kaɗai.

Batun sayar da ƙuri'a kuwa amsarsa tana wurin ungozomomin nan biyu, Shifra da Fu'a, a farkon Littafin Fitowa, waɗanda Fir'auna da kansa ya umarta su riƙa kashe jariran Ibraniyawa maza, suka ƙi saboda tsoron Allah. Ba su da runduna, ba su da sarauta, abin da ke hannunsu kawai shi ne ƙin sa hannu a mugun aiki. Kishiyarsu ita ce Yezebel, wadda ta rubuta wasiƙu da sunan mijinta sarki Ahab, ta sa aka yi shelar azumi, aka kawo shaidun ƙarya har aka jajjefe Nabot don a ƙwace gonar inabinsa, abin da ke nuna cewa tun da daɗewa masu neman abin wani sun iya rufe shi da rigar ibada. Ƙuri'a shaida ce, mai jefa ta tana cewa wane ya cancanta, kuma idan ta san bai cancanta ba ta faɗi haka saboda mudun shinkafa, shaidar zur ta yi, ko da a cikin majami'a aka raba shinkafar. Ba a raina talauci a nan, musamman ga wanda ya tuna ƙarancin takardun naira gab da zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, lokacin da uwa kan wuni ba ta riƙe kuɗin cefane ba. Amma taliyar takan ƙare kafin mako ya zagayo, ita kuwa hanyar da motocin rake da tumatir ke maƙalewa a cikinta da damina, da asibitin da mai naƙuda za ta je ta tarar ba ma'aikaci, shekara huɗu za a yi ana fama da su.

Tsoro shi ne hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ba a yi wa mai tsoro dariya. Rikicin da ya biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilun 2011 ya ci rayuka fiye da 800 a jihohin Arewa bisa ƙididdigar ƙungiyar Human Rights Watch, Jihar Kaduna ce kuma ta fi kowace jin jiki, Musulmi da Kirista duka sun binne nasu. Darasin wannan hali yana wurin Abigail a 1 Sama'ila sura 25, wadda ta ji cewa Dawuda na tafe da mutum 400 masu takuba saboda baƙar maganar mijinta Nabal, ta yi sauri ta ɗora abinci a kan jakuna ta tare shi a hanya, ta lallashe shi har ya fasa zubar da jini. Uwa ce ta fi kowa sanin lokacin da ɗanta ya fara kwana a waje da 'yan bangar siyasa, da lokacin da ya fara shigowa da kuɗin da ba na ƙwadago ba, kuma aikin Abigail a yau shi ne tare wannan yaro tun bai fita ba. Ban da tsoro, rashin amincewa da hukumar zaɓe, da nisan rumfa, da mazan da ke hana matansu fita, su ma suna cikin dalilan ƙauracewa.

Sai kuma annabce-annabcen da ake turawa ta WhatsApp ana cewa an nuna wa wani bawan Allah wanda zai ci, waɗanda sukan ƙara wa mutane sanyin jiki. Annabiya Hulda, da sarki Yosiya ya aika mata manzanni a 2 Sarakuna sura 22, ba ta faɗa wa fada abin da take son ji ba, saƙonta kuma a kan Littafin Shari'a da aka gano a Haikali ya tsaya. Saƙon da ya zo ba sunan mai shi, ko ya zo da hoton ɗan takara, kada a tura shi gaba.

Matan Arewa ba su sami 'yancin jefa ƙuri'a ba sai a 1976, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya wadda ta sha ɗauri a kan haka, don haka abin da ake wasa da shi bai tsufa ba, kuma kiyaye shi yana farawa tun kafin shekarar zaɓe. Ya kamata shugabannin Zumuntar Mata su riƙa bin diddigin 'yan matan da suka cika shekara 18 su tura su rajista idan hukumar INEC ta buɗe, su kuma tuna wa amaren da aka kawo daga wani gari cewa ana iya neman a mayar da rajistarsu rumfar da ke kusa da gidan aure, domin kati ba ya aiki sai a rumfar da aka rubuta shi. Kada a ba kowa kati ko lambarsa da sunan za a kawo tallafi ko rance, kada kuma a yarda a rantse da Littafi Mai Tsarki a kan wanda za a zaɓa, domin dokar zaɓe ta ɗauki mai bayar da cin hanci da mai karɓa duka a matsayin masu laifi. Idan ɗan takara ya zo gaida ikilisiya, a karɓe shi da mutunci, a tambaye shi batun taki da ruwan sha da malaman firamare da tsaron hanya, a bar bagade ya zama na wa'azi, kuma a auna shi da aikinsa ko da addininsa ya bambanta da na masu sauraro.

Ranar zaɓe a gama girki da wuri, a fita rukuni-rukuni, a bar wasu su kula da yara su kuma a karɓe su daga baya. Masu ciki da masu goyo da tsofaffi da naƙasassu ka'ida ta ba su damar wuce layi, sai su nemi hakan ba tare da jin kunya ba. Lalle mai kauri da kaushin aikin gona sukan hana na'ura karanta yatsa, amma na'urar tantancewa ta BVAS tana iya duba fuska, saboda haka kada wadda yatsanta ya ƙi ta juya gida. A san alamar jam'iyya tun daga gida, a dangwala a gurbi ɗaya tak, a ɗan jira tawada ta sha iska kafin a naɗe takarda don kada ta shafi wani gurbi ƙuri'ar ta lalace, kuma ba a shiga wurin dangwalawa da waya don ɗaukar hoto. Wadda ke da hali ta tsaya nesa kaɗan har a ƙirga a gaban jama'a a liƙa sakamako a rumfar, idan kuwa aka ga alamar hatsaniya sai a janye yara da tsofaffi tukuna, a sanar da dattawan ikilisiya da mai unguwa da jami'an tsaron da ke wurin.