Kafin Ka Sayi Dutsen Shimfiɗa Hanyar Mota A Gida, Ɗauko Wayarka

Dutsen da ya yi kyau a hoton Instagram ba lallai ne ya jure nauyin mota ba. Kafin ka biya kuɗi, ga abubuwa uku da wayarka za ta taimaka maka da su.

Na farko, gwajin ruwa. Ɗiga ruwa a kan dutsen, ka kunna agogon wayarka. Idan cikin 'yan mintuna ya shanye ruwan ya yi duhu, haka zai sha baƙin mai. Giranit bai cika shan ruwa ba, amma dutsen yashi yana sha. Ka guji mabul da aka goge, domin da damina santsi gare shi.

Na biyu, lissafi. A ce hanyar tana da faɗin mita 3 da tsawon mita 10, wato murabba'in mita 30. Ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ya zama 33. Giranit mai kaurin santimita 5 yana kai kilo 135 a kowane murabba'in mita, jimilla kusan tan huɗu da rabi. Ka ga sai ka tanadi kuɗin dako.

Na uku, gangara. Manhajar Measure ta iPhone tana da ma'aunin daidaito, akwai irinta a Play Store. Ɗora wayar a kan miƙaƙƙen katako ka auna. Ƙasa ta riƙa sauka santimita 2 a kowace mita, daga jikin gini zuwa magudana. In ba haka ba, ruwa zai kwanta a gindin bango.