Yadda aka yi wa wayoyi masu araha makullin da ba ya sa su nauyi

Wayar Android mai araha, irin wadda ɗan ci-rani ke aika wa iyayensa a Magarya ko Dungas don su riƙa turo masa saƙon murya, ta daɗe da wani rauni da mai ita bai sani ba. Kafin 2019, da yawa daga irin waɗannan wayoyi ba sa kulle bayanan da ke cikinsu. Idan ɓarawo ya yi awon gaba da ita, kuma ya san kan na'ura, hotuna da saƙonni sun zama nasa.

Matsalar daga furosesa take, wato ƙwaƙwalwar wayar. Manyan wayoyi suna da sashe na musamman da ke yin lissafin AES, tsarin kulle bayanai da duniya ta fi amfani da shi. Ƙananan furosesa irin Cortex-A7 ba su da shi, don haka kullewar kan sa waya ta riƙa jan ƙafa. Google ma sai da ya ɗauke wa irinsu wajibcin kullewar.

A watan Fabrairun 2019 kamfanin ya gabatar da Adiantum, aikin injiniyoyinsa Paul Crowley da Eric Biggers, wanda aka gina a kan tsarin ChaCha da Daniel Bernstein ya fitar a 2008.

Sai dai zaɓen tsari rabin aiki ne. Sauran yana cikin asembili, harshen da ake ba furosesa umarni ɗaya bayan ɗaya, aikin da masu rubuta manhaja da dama ke gudu saboda wahalarsa. Da umarnin NEON, ana sarrafa dunƙulen bayanai huɗu a lokaci guda maimakon ɗaya. Amma ƙananan ma'ajiyoyin NEON masu faɗin bit 128 guda 16 ne kacal a wannan furosesa, kuma lissafin ChaCha yana cinye su duka. Dole mai rubutun ya tsara abin da za a sauke da abin da za a ɗauka a kowane mataki, kamar mai lodin motar da ta riga ta cika.

A kan Cortex-A7, Adiantum ya ninka AES sauri kusan sau biyar. An shigar da shi Linux 5.0 a watan Maris na 2019, kuma daga Android 10 kulle bayanai ya zama dole ga duk sabuwar waya. Waɗanda suka fito kafin nan dokar ba ta hau kansu ba, kuma har yau ana cinikinsu a hannun 'yan gwanjo.