Shirin Musamman: Tsofaffin Biranen Katsina Laka a Idon Masu Bincike

Shirin na yau ya waiwayi ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, wadda take cikin yankin da ake kira Katsina Laka, wato kudancin ƙasar Katsina mai laka da duwatsu da isasshen ruwan sama, saɓanin arewacinta mai jigawa.

An daɗe ana bayyana asalin sarautun Hausa da labarin baƙo guda da ya zo daga gabas, kuma marubutan zamanin mulkin mallaka irin su H. R. Palmer sun ƙarfafa ra'ayin cewa daga waje aka kawo wa Hausawa tsarin mulki. Farfesa Abdullahi Smith ya ƙalubalanci wannan ra'ayi a 1970, inda ya nuna cewa ƙauye ne ke bunƙasa ya zama gari, gari kuma ya zama birni mai ganuwa idan ya tara manoma da maƙera da fatake waɗanda ba dangin juna ba ne, har ya zamana ikon mai gari ya wuce na uban zuriya. A kan wannan turba Dakta Yusufu Bala Usman ya gina littafinsa kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a 1981.

Abin da wannan nazari ya fito da shi yana da nauyi ƙwarai ga mutanen wannan yanki, domin ya nuna cewa ƙasarsu ba bayan gari ba ce da ta zauna tana jiran umarnin birnin Katsina. Pauwa da Kogo, haka ma Kwatarkwashi da ke yamma da su, matsugunai ne da suka kafu kusa da duwatsun da ke ba da kariya, waɗanda mutanen wancan zamani suke girmamawa a matsayin mazaunin iskoki, kuma kowannensu ya yi nasa masu sarauta. Shaidar tana nan a bakin jama'a, tunda har yau Sarkin Pauwa ake kiran hakimin Ƙanƙara, sunan Kogo kuma yana nan cikin sarautun yankin. Ƙaurar baƙi zuwa yankin kuwa ba ta zo rana ɗaya da takobi ba. Kaɗan-kaɗan malamai da fatake, cikinsu har da Wangarawa masu asali daga Mali, suka riƙa sauka, har 'Yandoto da ke kusa da Tsafe ta zama cibiyar ilimi, kuma daga can ne riwaya ke cewa Sarkin Katsina Muhammadu Korau ya fito.

Abin takaici shi ne rashin tsaro ya sa isa kufan waɗannan birane ya zama kasada, ga kuma dattawan da suka haddace jerin sarakuna da kirarinsu suna ta ƙarewa. Ya kamata jami'o'in jihar Katsina da hakiman yankin su haɗa hannu a naɗi muryoyin waɗannan dattawa tun suna raye.